Wuraren da masu ɗaukar hoto ke rububi a Jami'ar Ahmadu Bello

Da zarar an kammala jarrabawar ƙarshe a Samaru, sai ka ga ɗalibai sanye da fararen riguna da abokai suka cika da rubutu, kowa na neman inda zai tsaya a ɗauke shi hoton tarihi. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka buɗe a 1962, ba ta rasa irin waɗannan wurare ba.

Ginin Majalisar Jami'a

Wannan dogon bene shi ne fuskar jami'ar, ana hango shi tun daga nesa. Masu kyamara sun fi son zuwa da hantsi ko bayan la'asar, domin hasken tsakar rana yakan sa inuwa ta rufe idanun wanda ake ɗauka. Akwai kuma Laburaren Kashim Ibrahim, wanda ya ci sunan Gwamnan Jihar Arewa na Jamhuriya ta Farko.

Ƙauyen Wasan Kwaikwayo

Ga mai shirya fim, da wuya a samu wurin da ya kai wannan. Wani masanin zanen gine-gine ɗan Amurka, Steven Ehrlich, ne ya tsara shi a shekarun 1970, lokacin da yake koyarwa a jami'ar. Ya kwaikwayi fasalin gidan Bahaushe: bukkoki zagayayyu na jar ƙasa kewaye da fili a tsakiya, inda ake gabatar da wasa. Jar ƙasa ba ta ƙyalli, shi ya sa hoto ke fita da kyau a wurin.

Lambun Sassaƙa da Dam

A Sashen Zane-zane akwai lambun da ke cike da ayyukan ɗalibai na shekara da shekaru. Sashen na da tarihi tun kafin jami'ar, domin a kwalejin da ta gada ne su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Mai son hoton faɗuwar rana kuwa sai ya nufi dam ɗin da aka tare a Kogin Kubanni.

Ado da kulawa

Sai dai waɗannan wurare ba don hoto aka yi su ba. Daga dam ɗin jami'ar ke samun ruwan sha, ginin ƙasa kuma yana buƙatar yaɓe da gyara in ba a so damina ta zaizaye shi. Hawa kan sassaƙa don neman hoto mai kyau na iya karya aikin da ba za a sake samun irinsa ba.

Don haka mai shigowa da ayarin 'yan fim ya fara neman izinin hukumar jami'a, ya kuma kauce wa lokutan darasi da jarrabawa.