Gurguzu: Wanne Ya Rushe, Wanne Ya Rage?

Duk ɗalibin da ya ci karo da kalmar "gurguzu" a jarida, ya kamata ya tambayi kansa: wane gurguzun ake nufi? A asali kalmar tana nufin yin abu a dunƙule, ba tare da ware na wane da na wane ba. Amma a fagen siyasa an ɗora mata kaya iri uku.

Na farko shi ne tsarin Tarayyar Sobiyet, inda jam'iyya ɗaya ke mulki, gwamnati kuma ta mallaki gonaki da masana'antu, ta ƙayyade farashi. Wannan shi ne ya durƙushe bayan faɗuwar katangar Balin a 1989 da wargajewar Tarayyar a 1991.

Na biyu shi ne irin na Sin. Jam'iyyar Kwaminis ta riƙe mulki, amma tun 1978, zamanin Deng Xiaoping, ta buɗe ƙofa ga kasuwa da 'yan jari-hujja. Biyetnam ta bi sahu a 1986. Wato suna na nan, amma abin da ke cikin tukunyar ya sake.

Na uku shi ne na jam'iyyun da ke neman ƙuri'a. Su ba sa hana mutum mallakar dukiya. Suna neman a karɓi haraji daga mai hali a biya kuɗin makaranta da asibiti da fansho. Kasuwarsu takan ci, takan faɗi. A Faransa ɗan takararsu ya lashe zaɓen shugaban ƙasa a 2012, amma a 2022 'yar takararsu ba ta sami ko kashi 2 cikin ɗari ba. A Amurka kuwa, inda kalmar ta daɗe tana zama abin zagi, Zohran Mamdani ya ci zaɓen magajin garin New York da sunanta a 2025. A Nijar ma, PNDS-Tarayya, wadda ta yi mulki daga 2011 zuwa 2023, daga wannan gida ta fito.

To, ina makoma? Ga alama tana hannun kashi na uku, domin muddin akwai tsadar rayuwa da rata tsakanin talaka da mai kuɗi, za a ci gaba da tambayar wa zai biya.

Saboda haka mai fassara ya yi hattara. In ya kira duka ukun "gurguzu" ba tare da bayani ba, mai karatu zai ɗauka an binne abin da har yanzu yake numfashi.