Mai kai iyalinsa Gana ya fara da ɗaki da takardu

Tahiya Gana ba sabon abu ba ne ga mutanen ƙasarmu. Tun zamanin fataken goro kakanninmu suka san hanyar Gwanja da Kumasi. Yau ma albasar Galmi tana cika motoci zuwa Akara. Amma cin rani daban, ƙaura da iyali daban. Mai cin rani ya kan kwana cikin shago ko ɗakin samari, ya ci abin da ya samu a bakin hanya, da damina ta kusa ya koma gida. Wanda ya ɗauki mata da ɗiya ba ya iya yin haka. Ga abin da zai tarar, bisa ga labarin waɗanda suka zauna can.

Baƙo daga Nijar ya kan sauka a zango. Zango unguwa ce ta baƙi, galibi Musulmi. A Akara akwai Nima da Mamobi da Sabon Zango. A Kumasi akwai Abuwabo da Asawase. Can akwai masallaci, akwai makarantar allo, akwai sarkin zango da shugabannin kowace ƙabila. Hausa ce harshen unguwa, ko ga wanda ba Bahaushe ba. Sai dai Hausarsu ta ɗan bambanta. Da yawa ba su raba namiji da mace cikin magana, sai ka ji an ce "matata ya zo". Kada uwar gida ta yi dariya, kada kuma ta ji an raina ta. Haka suke faɗi.

Wahala ta farko ita ce ɗaki. A ƙauyenmu, mutum ya samu fili da ƙasa da kara, ya kira gayya, ɗaki ya tashi. A Kumasi ko Akara haya ake yi. Mai gida kuwa ba ya son kuɗin wata ɗaya. Ya kan ce a biya shekara guda gaba, wani ma shekara 2. Dokar haya ta Gana, ta 1963, ta ce kada kuɗin gaba ya wuce na wata 6, amma masu neman ɗaki sun yi yawa, kuma baƙo ba shi da bakin gardama. Don haka mai hankali ya kan riga iyalinsa zuwa. Ya tara kuɗi, ya kama ɗaki, ya karɓi takardar biya da sa hannun mai gida da na shaidu 2, sannan ya aika su zo. Ga amfanin yaƙi da jahilci nan: ka karanta da idonka watan da haya ta fara da watan da za ta ƙare.

Gidan haya babba ne, ɗakuna jere, kowane ɗaki da iyalinsa. Tsakar gida ɗaya ce, wurin wanka ɗaya. Wani gidan ma ba shi da salga, sai a je ta gwamnati a biya. Ruwa na saye ne, gawayi na saye ne, wutar lantarki ana raba kuɗinta tsakanin ƴan haya. Nan ne rigima take tashi. Akwai ranar shara ta kowace mace, akwai layin wanka da safe. Matar da ta saba da gidanta ita kaɗai, da rumbunta da awakinta, za ta ji ƙunci ƙwarai. Ni a ganina, nauyin ƙaura a kanta yake faɗuwa. Mai gida ya fita kasuwa da asuba, yana da abokai, yana jin labarin gida daga direbobi. Ita tana zaune cikin ɗaki ɗaya da ɗiya 3, ba uwa, ba ƙanwa, ba wadda za ta riƙe mata goyo.

Maganin wannan sana'a ce da zumunci. Abin mamaki, abincin da mutanen Gana suke so a bakin hanya, da yawa namu ne. Koko da ƙosai da safe, suna kiransa kokon Hausa. Shinkafa da wake suna ce mata "wace", daga kalmarmu ta wake. Tuwon zafi ma da sunansa na Hausa suke sayensa. Matar da ta iya fura ko ƙosai ba ta rasa ciniki a ƙofar gida. Daga nan ta shiga adashi, wanda su ke kira susu. Ta je suna, ta je biki, ta je gaisuwar mutuwa. Wadda ta je na mutane, ita ake zo wa.

A tukunya kuma akwai canji. Hatsi yana da tsada a kudancin Gana, don ba a noma shi can, daga arewa ake kawo shi. Masara da rogo da doya da ayabar dahuwa su ne masu araha. Kuɗin ƙasar sidi ne, ba sefa ba. A 2007 an canza shi, sidi 10.000 na da ya koma sidi 1. Har yanzu wasu ƴan kasuwa da tsohon lissahi suke faɗin farashi. In ba ka gane ba, ka tambaya kafin ka miƙa kuɗi.

Sai lahiya. Kudancin Gana damina biyu gare shi cikin shekara, kuma sauro ba ya yankewa kamar yadda yake raguwa a wurinmu da rani. A tahi da sange, kowa ya kwana ciki. A tahi da takardar allurar ɗiya, da takardar allurar shawara ta kowa, don ana tambayarta a kan iyaka. Gana tana da tsarin inshorar lahiya tun 2003. Ana yin rajista, ana sabunta kati kowace shekara. A yi wannan tun ana lahiya, kada a jira daren da jikin yaro ya yi zahi.

Lakkol a can da Ingilishi ake yi, ba da Faransanci ba. Yaron da ya yi aji 4 a Madawa ana iya mayar da shi baya. Kada uba ya husata ya cire shi ya kai shi tura kura a kasuwa. Yaro yana kama harshe da sauri. Kafin shekara zai ji Ingilishi, zai ji harshen Ashantawa daga abokan wasa, ya zama shi ne tafintan uwarsa a likita. A zango akwai makarantun da suke haɗa Larabci da Ingilishi, masu neman addini da boko tare sai su duba su.

Yanzu ga maganar takardu, wadda mutanenmu suka fi yi wa sakaci. Tsofaffi ba su manta da 1969 ba. Cikin watan Nuwamba na wannan shekara, gwamnatin Busiya ta ba baƙin da ba su da takardar zama sati 2 su bar Gana. Dubban mutane suka sayar da kaya da arha, suka hau manyan motoci, cikinsu har da ƴan Nijar da aka haifa can. A 1979 ƙasashen CEDEAO sun yarda ɗan wata ƙasa ya shiga wata ba biza, ya yi kwana 90. Kwana 90 ziyara ce, ba zama ba. Mai zama da iyali takardar zama yake bukata daga ofishin shige da fice. Kuma Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025. A lokacin ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar takardun ƴan Nijar har sai ta sake sanarwa. Saboda haka a bincika dokar da ake ciki kafin a ɗaure kaya. In an sauka, a je ofishin jakadancin Nijar da ke Akara a rubuta sunan kowa.

Jaririn da aka haifa a Gana, a yi masa takardar haihuwa kafin ya cika shekara, lokacin kyauta ce. Amma a sani, haihuwa a can ba ta mai da shi ɗan Gana in iyayensa da kakanninsa duka baƙi ne. Ɗan Nijar ne. A kai takardar ofishin jakadanci, don ranar da zai dawo Tawa ko Damagaram neman katin ɗan ƙasa, a samu sunansa a rubuce.