Makero da kyasbi: a san ciwon kafin a sayi maganin

A shirinmu na rediyo, da wuya mako ya wuce ba a kira mu a kan ciwon fata ba. Kukan iyaye mata kusan iri ɗaya ne: yaro ya fito da makero, an shafa masa man da aka sayo a kasuwa, ya lafa kwana biyu, sai ga shi ya dawo ya fi na da faɗi. Da muka riƙa kai waɗannan tambayoyi wurin ma'aikatan lafiya, sai muka gane tun daga suna ake ɓatan hanya. Makero, kyasbi, ƙazuwa da kirci, duka "ƙaiƙayi" ake ce musu, mai tiren magani kuma ya miƙo abu guda.

Makero da kyasbi, ƙwayoyin cuta dangin funfuna ke kawo su, wato ƴan uwan abin nan da ke tsirowa a kan burodin da ya daɗe. Shi ya sa kafso irin su amoxicilline ba ya taɓa su. Mace ma in ta yawaita shan kafson, yakan jawo mata ƙaiƙayin gaba da farin ruwa mai kauri, wanda shi ma ciwon funfuna ne.

Babbar ɓarnar tana cikin man shafawa. Da yawa daga waɗanda ke yawo a kasuwanninmu, har da na hasken fata, suna ɗauke da bétaméthasone ko clobétasol. Waɗannan suna kwantar da ja da ƙaiƙayi nan take, sai uwa ta ɗauka an warke. Alhali garkuwar fatar suka raunana, ƙwayar cutar tana ta bazuwa. Da'irar makeron ma takan ɓace, har ma'aikacin lafiya ya sha wuyar gane shi. A Indiya, inda aka daɗe ana sayen irin wannan mai ba takardar likita, wani makero ya yaɗu wanda sau da yawa ba ya jin terbinafine. A 2020 aka raɗa wa ƙwayarsa suna Trichophyton indotineae. Don haka a duba kwali, in ba a iya karatu ba a ba ɗan lakwal ya karanta.

Makeron jiki yakan ji clotrimazole ko miconazole, ana shafawa mako 2 zuwa 4, ba a tsayawa don an ga ya dushe. Na kai kuwa, mai cinye gashin yara, shafi kaɗai ba ya isa, don ƙwayar tana cikin gashin. Sai an sha magani irin griséofulvine wajen mako 6 zuwa 8, bisa umarnin likita. Reza, mashaci, hula da ɗankwali duk suna ɗaukarsa daga wannan kai zuwa wancan. Masu aski da masu kitso, wannan taku ce.

Shi kyasbi ba abin gudun mutum ba ne. Ƙwayarsa tana jikin kowa, zafi da zufa ke tayar da ita, kuma wanda ya wuni a rumfar kasuwa cikin watan Afrilu ya san zufa. Bayan an warke, tabon yakan yi watanni kafin launin fata ya daidaita, kar a yi ta ɓarnar kuɗi ana sake saye.

Amma akwai tabon da ba a jira da shi. In an ga wuri ya yi haske a fata, ba ya ƙaiƙayi, an taɓa shi da auduga mutum bai ji ba, to a nufi gidan likita, don kuturta da haka take farawa. Maganinta kyauta ne, kuma tana warkewa in an kama ta da wuri. Haka nan wanda ciwon funfuna ke yawan dawo masa, ya nemi a auna masa sukari.