Daga Ina Bayanai Marasa Tsari Ke Fitowa?

Kowane malami ya san rajista. Ga layin suna, ga na ranar da yaro ya zo, ga na ranar da ya yi fashi. Irin wannan shi masana kwamfuta ke kira bayani mai tsari, watau kowane abu da gurbinsa. To, wasiƙar da uban yaro ya aiko yana ba da hanzarin fashin ɗansa fa, a wane layi za a sa ta? Ba ta da gurbi. Ita da ire-irenta su ne bayanai marasa tsari, su ne kuwa suka fi yawa nesa ba kusa ba.

Bari mu ɗauki misali da GRA ta nan Bauchi, unguwar da aka keɓe wa Turawan mulki bayan sun ci garin a 1902. Lissafinsu na haraji da jangali a jere yake: gari kaza, mutum kaza, fam kaza. Amma in Di'o ya komo daga rangadi, sai ya zauna ya rubuta wa Razdan abin da ya gano yadda ya zo masa a baki: rijiya ta ƙafe, dagaci da talakawansa ba sa ga-maciji. Ga kuma wasiƙun sarakuna da ajami, da koke-koken talakawa. Da yawa daga cikin fayilolin Lardin Bauchi suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, mai neman labarin ƙauye guda a ciki kuwa lalle sai ya bi su shafi-shafi.

Tun da wayar GSM ta shigo Nijeriya a 2001, abin ya zama ambaliya. Saƙon murya a WhatsApp, da hotunan biki, da tafsirin azumi da aka naɗa, har da kyamarar da ke tsaron ƙofar gida, duk zuba suke yi dare da rana. Mafarinsu ɗaya ne da na takardar Di'o: ɗan Adam ba ya magana layi-layi.

Mu ma malamai muna cikin masu tara su. Maki 45 a rajista ba ya faɗin inda yaro ya kasa, insha'in da ya rubuta shi ke faɗi. Amma in an yi hutu, makin ake kwafewa a kulle a ofis, littafin insha'in kuwa sau da yawa sai a tarar da shi wurin mai ƙosai.