Neman Asali: Daga Roasio Zuwa Tumbi

A arewacin Italiya akwai wani ɗan ƙauye, Roasio, inda magina da yawa suka taso suka zo neman arziki Afirka ta Yamma. Biyu daga cikinsu, watau Cappa da D'Alberto, su suka kafa kamfanin gine-ginen nan a Nijeriya cikin 1932. Mutanen ƙauyen sun keɓe gida guda don ajiye hotuna da takardun waɗanda suka yi ƙaura. Jikan da ya je neman asalin kakansa ba ya komowa hannu rabbana.

To, mu fa? Sarautar Mangawa a Tumbi ta zauna kafin ta tare a Gumel cikin ƙarni na 19. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta bar Tumbi cikin Nijar. Labarin dangin da ta raba yana bakin tsofaffi, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Saboda haka muna roƙon samarin Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar, in sun ci kasuwar Maigatari ran Alhamis, su ƙarasa Tumbi da alƙalami a hannu, tun masu bayarwa suna da rai.