Kwaɗo Ma Gida Yake Komawa Haihuwa

A ƙasar Hausa, idan cikin fari ya tsufa, akan mayar da yarinya gidan iyayenta goyon ciki. Can za ta haihu, can za ta yi wankan jego. Kwaɗon Birtaniya ma haka al'adarsa take. Yawancin shekara yana tudu, cikin lambuna da dazuka, yana cin ƙwari. Amma da sanyi ya fara janyewa, wajen Fabrairu zuwa Maris, sai ya kama hanya da almuru ya nufi tafkin da aka ƙyanƙyashe shi. A nan macen ke zuba ƙwai a jere kamar carbi, ta naɗe su jikin ciyawar ruwa.

To, yaya ke nan idan mai ciki ta iso ƙofar gidansu ta tarar an rushe shi? Abin da ya sami kwaɗi ke nan. Kusan rabin ƙananan tafkunan Birtaniya sun ɓace a ƙarni na 20: wasu an cike su an yi gona ko gini, wasu laka ta binne su. Waɗanda suka rage kuma tituna sun gitta tsakaninsu da kwaɗin, motoci na takewa. Wani bincike da ƙungiyar Froglife ta fitar a 2016 ya nuna yawan kwaɗin ya ragu da kashi 68 cikin 100 a shekara 30.

Shi ya sa masu aikin sa-kai ke fita da tocila da bokiti suna tsallakar da su titi. Sai dai rakiya ba ta da amfani in babu gidan zuwa. Babban aikin shi ne gyaran tafkin kansa: a yashe laka, a sare itatuwan da suka tare rana, a yi wa gaɓa gangare mai sauƙi, a hana ruwan takin zamani kwararowa ciki. A kuma bar ciyawa da tarin itace a gefe, don ƙananan da suka fito su sami mafaka.

Mu ma kududdufan garuruwanmu muna ta cike su da shara muna ɗora gini, sai damina ta zo ruwa ya rasa masauki ya shigo ɗaki. Kafin a cike na unguwarku, ku tambayi inda ruwan da kwaɗin za su koma.