Mu Dubi Inda Ɗan Takara Ya Tsaya Jiya

Duk lokacin da zaɓen shugaban ƙasa ya gabato, majami'unmu kan cika da manyan baƙi. Wanda bai san hanyar ƙauyenmu ba sai ga shi a layin gaba ranar Lahadi, ya ba da baiko mai tsoka, ya yi alkawarin hanya da asibiti da ruwan famfo. Bayan zaɓe kuwa, sai dai mu ji muryarsa a rediyo. To, da wane ma'auni za mu auna irin waɗannan mutane?

Tarihin ƙasarmu ya isa ya koya mana. A ranar 12 ga Yuni 1993, masu bi da yawa a Filato, Binuwai da kudancin Kaduna sun jefa wa Cif Moshood Abiola da Ambasada Babagana Kingibe ƙuri'a, ko da yake dukansu biyu Musulmi ne. Sojoji suka soke zaɓen. Kafin ƙarshen shekarar, Kingibe ya karɓi muƙamin ministan harkokin waje a gwamnatin Janar Sani Abacha, shi kuwa Abiola ya rasu a tsare a 1998.

A wannan shekara ta 1998, jam'iyyu biyar da aka yi wa rajista duk suka tsai da Abacha ɗan takararsu. Amma wasu dattawan Arewa 18, Kirista da Musulmi, sun rubuta masa wasiƙa cewa ba su yarda ba, kuma Cif Solomon Lar na Langtang yana cikinsu. A lokacin, faɗin gaskiya na iya kai mutum kurkuku.

Mulkin farar hula bai warkar da ciwon ba. Alhaji Atiku Abubakar ya bar PDP ya yi takara a AC a 2007, ya koma PDP, ya shiga APC a 2014, ya sake komawa PDP a 2017. Peter Obi ya tashi daga APGA zuwa PDP, daga nan zuwa jam'iyyar Leba a 2022. Rabi'u Musa Kwankwaso ya zagaya PDP da APC kafin ya shiga NNPP. Bola Tinubu ya soki janye tallafin man fetur a 2012, amma shi ne ya sanar da janye shi ranar da aka rantsar da shi, 29 ga Mayu 2023.

Ba laifi ba ne mutum ya sake tunani. Abin tambaya shi ne, me ya sa ya sake? Ya fito fili ya bayyana wa talakawa dalilinsa, ko kuwa tikitin takara ne ya kuɓuce masa?

Littafin Sama'ila na biyu, sura 15, ya ba mu labarin Absalom. Yakan tsaya a bakin ƙofar birni da sassafe, ya tari masu kawo ƙara, ya rungume su, ya nuna musu cewa da shi ne alƙali da sun sami adalci. Da daɗin baki ya janye jama'a daga ubansa Dawuda, ƙarshen abin kuwa yaƙi ne da zub da jini. A Fitowa sura 18 kuma, Yetro ya shawarci Musa ya nemi mutane masu iya aiki, masu tsoron Allah, amintattu, waɗanda ba sa karɓar hanci.

Saboda haka mu bincika. In ɗan takara ya taɓa zama gwamna, ya biya malamai da 'yan fansho haƙƙinsu? Da rikici ya tashi, ya kāre ran kowa ko na mutanensa kaɗai? Sunan baftisma ba shaidar gaskiya ba ne, kuma buhun gishiri da turmin atamfa ba su kai farashin shekara huɗu ba.

Muna roƙon fastoci da dattawan ikkilisiya kada su mai da bagadi dandalin neman ƙuri'a. Zumuntar mata da ta matasa su tabbata kowane mai bi ya karɓi katin zaɓensa. Mu yi addu'a, mu fita mu jefa ƙuri'a. Ubangiji ya ba Nijeriya shugaba mai riƙon alkawari. Amin.